Kyamarar Kawu Tsaya-Haka

Kawuna mai hoto ne, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. A layin da yake da shago ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya, Tsaya-Haka kowa ya sani, don ita ce kalmar da ba ta rabuwa da bakinsa in ya zaunar da mutum a gaban kyamara. Sai ya ɗaga maka haɓa da ɗan yatsa, ya karkata maka kafaɗa, ya ja da baya yana cewa tsaya haka, tsaya haka, har wuyanka ya sage bai danna ba. Ni kuwa Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Shagon nasa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin teburin mai gyaran agogo da kantin maganin da nake aiki. Ɗaki ne ɗan tsukukku, rufinsa a karkace yake yana bin matakala, in dogo ya shiga sai ya sunkuya a can ƙurya. Labule biyu ne a ciki, shuɗi na hoton fasfo, da wani mai zanen tafki da gidan sama wanda ya koɗe har tafkin ya koma ruwan toka. Akwai madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa, da furen roba a cikin gwangwani, da wani baƙin kwat rataye a ƙusa na masu son hoton neman aiki. Mai gyaran agogon, wanda ake ce wa Minti-Biyar don haka yake ce wa kowa ya dawo ko da aikin na wata guda ne, yakan ce kwat ɗin nan ya sami aiki a kowane ofis na garin amma bai taɓa karɓar albashi ba.

Kawu ya fara sana'ar tun yana saurayi, a hannun wani maigida da ya sa shi wankin hoto a ɗakin duhu har faratansa suka rine, ba su kuma komawa fari ba. Da ita ya yi aure, da ita ya riƙe gida, da ita ya ɗauki nauyin ƙannensa, har da mahaifiyata. Lokacin da kasuwarsa ke ci, in ka bi ta layin da yamma sai ka ga mutane jere a kan benci, kowa ya ci ado, uwa tana lasar yatsa tana goge wa ɗanta fuska. Yana da babur, yana zagaya makarantu da filin ƙwallo da wuraren taro, kyamara tana lilo a ƙirjinsa. Babu gida a unguwar da ba za ka sami aikinsa a bango ko a ƙasan akwati ba.

Abin da ya fi alfahari da shi ba ma ɗaukar hoton ba ne. Bai taɓa kai kyamararsa wurin mai gyara ba. Tsofaffin nan na ƙarfe, in ɗaya ta fara gardama, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kwance ta ɗaiɗai, ya hure ƙura, ya ɗiga mata mai da tsinin allura, ya mayar da komai mazauninsa. Yakan ce kyamara kamar akuya ce, mai ita ne ya san kukanta.

Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Masu ado suka fara ja da baya, sannan makarantu, sannan masu taro, bencin ya koma na masu hira. Aka bar shi da hoton fasfo, shi ma don ofisoshi har yanzu suna neman na takarda. Ya sayi wata ƙaramar kyamara ta hannu marar fim, wadda abin da ke saita mata gilashi ya lalace tun kafin ta zo hannunsa, sai shi yake murzawa da yatsu har hoto ya fito tar. Wannan bai dame shi ba, da ma haka ya saba.

Abin da ya dame shi ni na fara sani, don wurina yake zuwa sayen maganin ɗigawa a ido. Da fari ya ce ƙura ce. Daga baya ya ce hasken filasha ne na shekaru. Na ce ya je asibiti a duba shi, ya ce likita ba ya duba mutum ya sallame shi hannu rabbana, kuma wa zai zauna a gaban mai hoton da aka ji yana zarya asibitin ido? Ya roƙe ni kada in gaya wa Iya, matarsa, balle babbar 'yarsa, wadda ba ta iya riƙe magana. Amma abin da baki ya ɓoye hoto ya tona. Mutane suka fara dawo da fasfo, wai ofis ya ƙi karɓa, fuska ta yi dishi-dishi. Yakan ɗora wa takarda laifi, ya sake ɗauka kyauta, na biyun ya fito kamar na farko.

Ana cikin haka ya haɗu da wani mai hoto a inda suke kai aiki a buga musu, mutumin ya nuna masa irin kyamarar da ake yayi yanzu. Kana ɗaga ta, ita da kanta take nemo idon mutum, ta zana masa ɗan koren akwati, ta saita gilashi kafin ka ƙifta. Kawu ya dawo daga can bai ko buɗe shagonsa ba, ya shigo kantinmu ya jira har na sallami masu saye.

"Uwata, na ga abin da zai fisshe ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ita za ta riƙa gani, ni dannawa ce tawa. Haske da zama da yadda ake karkata kafaɗa, waɗannan ko ido rufe na iya su."

Na ce abin da zai zuba a kyamara ai gara ya kai shi asibiti. Ya yi kamar bai ji ba.

Babur ɗin ya sayar, ya haɗa da tsofaffin kyamarorinsa na ƙarfe, waɗanda wani mai otal ya saya don ya jera baƙi su riƙa kallo. Iya ba ta so ba. Babur ɗin nan shi ne ƙafarsu, shi yake kai ta kasuwa, shi yake kai ta ganin likita in ciwon gwiwarta ya tashi. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya sayar da jaki don ya sayi mangala ba sai shi. Ba ta san ya riga ya daina hawansa in rana ta yi sanyi ba, don fitilun motoci suna watse masa a ido.

A wani babban kantin kayan lantarki ya sayo ta, can ɗaya gefen gari, sabuwa dal a kwalinta. Mai kantin ya ba shi takardar garanti, ya kuma juya kyamarar ya nuna masa wata 'yar sitika mai ƙyalli da aka manna a kan noti ɗaya a ƙasanta. Ya ce muddin sitikar nan tana nan, duk abin da ya sami kyamarar alhakin kamfani ne, ranar da ta yage kuwa ba su san shi ba.

Ranar da ya kawo ta, ban taɓa ganinsa haka ba tun ina ƙarama. Ya ɗauki kowa a layin. Ya ɗauki Minti-Biyar da gilashinsa maƙale a ido, ya ɗauke ni a bayan kanta, ya ɗauki mai shayi yana zuba ruwa daga sama. Hotunan suka fito har zaren rigar mutum ana gani. Ko Iya da ta rantse ba za ta zauna ba, ƙarshe ta gyara ɗankwali ta zauna, tana cewa ya yi sauri tana da girki a wuta. Masu fasfo suka daina dawowa da ƙorafi, har wasu da suka guje shi suka fara leƙowa.

Daɗin bai yi nisa ba. Wata rana wani ya sa kwat ya zauna, Kawu ya danna, kyamara ta ƙame. Fuskarta ta yi baƙi, wani ɗan rubutun Turanci ya fito. Ya cire batir ya mayar, ta tashi, ya sallami mutumin. Washegari ta sake. Daga nan abin ya zama ɗabi'arta: da sanyin safiya ta yi aiki kamar ba ita ba, rana tana ɗagawa ta fara ƙamewa. Kuma in ya kashe ta ya karkata ta kusa da kunnensa, sai ya ji wani abu yana motsi a ciki, ƙwas-ƙwas, kamar tsakuwa a gwangwani.

Ya ce mini ya san ciwonta, wani abu ne ya saki a ciki, in ta ɗumama sai ya taɓa inda bai kamata ba. Da tsofaffin ne da tuni ya gama. Amma ya danne zuciyarsa, ya mayar da ita kwalinta ya kai wa mai kantin. Mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya ce za a aika wa masu gyaran kamfani a wani gari, ya ɗan yi haƙuri.

Haƙurin nan ya cinye watanni. Kawu ya koma kan ƙaramar kyamararsa, fasfo ya koma dishi-dishi, waɗanda suka fara leƙowa suka sake ɓacewa. Ba babur yanzu, sai ya rufe shago ya hau mota, ya sauya wata a hanya, ya isa kantin a ce ba ta dawo ba, ko a ce wanda ya san zancen ya fita. Ranar da ta dawo, da wata takarda ta dawo, wai an bincike ta sarai ba a sami komai ba. Ta yi masa kwana biyu lafiya, sannan ta ƙame a gaban wata mata da ta zo da jariri. Ya koma ya ce a canza masa wata. Mai kantin ya ce kamfani ba ya canza abin da bai ga laifinsa ba, amma in yana so a sake aikawa.

A daidai wannan lokaci ne shugabar wata makaranta da ke ƙarshen layinmu ta zo shagonsa. Kawu ne ya ɗauke ta hotonta na farko a duniya, tana zaune a cinyar uwarta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce tana son a ɗauki duk ɗalibanta hoton katin shaida, da na kowane aji a tare, kafin a tafi hutu. In aikin ya yi kyau, kowace shekara nasa ne. Kawu ya daɗe bai ga aiki mai girman wannan ba. Ya amsa mata nan take, bai ce mata komai game da kyamara ba. Hutun kuwa ya kusa.

Daga ranar ya rasa sukuni. In ya sake aikawa, kafin ta dawo yara sun tafi hutu sun dawo. In ya je da ƙaramar, makaranta guda za ta fito kamar an ɗauke ta cikin hayaƙi. Ya yi tunanin ya riƙa zuwa da sassafe yana ɗaukar aji ɗaya-ɗaya kafin rana ta ɗaga, sai ga shi sabuwar ta fara ƙamewa ko da safen ma. Ya je wurin mai hoton nan da ya fara nuna masa irinta, ya nemi aro, mutumin ya yi dariya ya ce kyamara da buroshin haƙori ba a ba da aronsu. Ya zagaya masu gyaran waya, kowa ya juya ta ya miƙo masa, suka ce ba layinsu ba ne.

Saura hanya ɗaya, kuma duk mun san inda hankalinsa ya karkata. Sai in hango shi daga kanti yana zaune shi kaɗai, kyamara a kunne, yana karkata ta yana saurare. Minti-Biyar ya ce masa shi kansa agogon zamani ba ya buɗe shi, batir yake canzawa ya karɓi abin da aka ba shi, don kayan yanzu ba a yi su don a gyara ba. Ya ƙara da cewa ya yi hankali, kada a garin kwance notin kyamara na kansa ya kwance. Kawu bai yi dariya ba. Ni na ce ya je ya gaya wa shugabar gaskiya, ko za ta ɗaga aikin zuwa bayan hutu. Ya ce makaranta ba ta jiran tsoho, in ya ce mata kayan aikinsa ba lafiya, kunya ce za ta sa ta ce to, amma ba za ta dawo ba.

Iya ce ta fi kowa tsayawa a kai. Wata rana na je gidan na same su a tsakar gida, tana tsince shinkafa a faranti, shi yana kan tabarma da kwalin a gefensa.

"Malam, abin da ba kai ka ɗaura ba kada ka kwance," in ji ta. "In ta mutu a hannunsu, sun san yadda za su yi da kai. In ta mutu a hannunka fa?"

"Sun riƙe ta watanni sun ce lafiyarta ƙalau. Ni ina jin abin da kunnena. Ɗan abu ne, in na gan shi zan ɗaure."

"In ka gan shi," in ji ni. Ya ɗago ya dube ni, Iya ba ta gane abin da ya wuce tsakaninmu ba.

Ranar Lahadi da hantsi, layin shiru, yawancin shaguna a rufe, na ga ya jawo teburinsa har bakin ƙofa inda rana take faɗowa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle. Minti-Biyar ya zo da sukurudireba mai bakin allura da hantsaki da gilashin nan nasa na ido, ya ajiye, ya jawo kujera ya zauna. Daga baya ya gaya mini ya ga ko ya ba shi ko bai ba shi ba sai ya buɗe, gara da kayan kirki da a ce da bakin wuƙa. Na bar kanti a hannun abokiyar aikina na fito na tsaya.

Kawu ya daɗe da farce a gefen sitikar. Ya ɗaga hannu, ya mayar, ya goge tafinsa a gwiwa. Sannan ya yi bisimilla ya ɓare ta. Ba ta fita gaba ɗaya ba, dagargajewa ta yi ta bar tabo a jikin kyamarar, da gangan aka yi ta haka.

Notocin ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, baƙaƙe a jikin baƙar kyamara. Na ga yana laluben kan kowanne da bakin sukurudireba, yana zamewa, yana karce jiki. Gilashin Minti-Biyar bai taimake shi ba, hazon da ke idonsa ya ƙara wa girma kawai. Minti-Biyar ya ce ya kawo ya kwance masa, Kawu ya ce kyamararsa ce. Noti ɗaya ya faɗi ƙasa, muka durƙusa mu biyu muna nema, shi yana nuna mana wani wuri daban da inda ya faɗa.

Da suka gama fita, ya sa farce ya ɗaga murfin baya. Tsofaffin kyamarorinsa in ka cire noti murfi fita yake yi salin-alin. Wannan ya ɗago kaɗan ya tsaya. Akwai wata waya falle, siririya kamar ɓawon albasa, da ta haɗa murfin da cikin. Ni na gan ta daga inda nake tsaye. Minti-Biyar ya gan ta, ya ce dakata. Kawu bai gan ta ba. Ya ɗauka wani ɗan maƙali ne ya riƙe, ya ƙara ƙarfi kaɗan. Ƙarar ba ta kai ta karya tsinke ba.

Ya tambaya mene ne. Ya shafa da yatsa har ya ji bakin wayar inda ta rabu.

Da ya tsaya nan wataƙila da an sami abin ceto. Amma ya riga ya shiga ruwa. Ya ce tunda an buɗe, bari ya kai ga abin da ke motsi. A ciki babu ko ɗaya daga abubuwan da ya sani, ba haƙoran ƙarfe, ba sifirin, sai wasu korayen faifai a kan juna da wayoyi irin wadda ta yage. Ya cire faifai ɗaya, ya girgiza, ƙarar tana nan can ƙasa. Ya cire wani, sukurudireba ta zame ta shige ciki. A nan Minti-Biyar ya ɗora hannu a kan wuyan hannunsa ya riƙe, bai saki ba sai da Kawu ya ajiye.

Mayarwar ta fi kwancewar daɗewa. Rana ta bar bakin ƙofar, suka bi ta da tebur har kan titi. Ya haɗa bakin wayar da salatif, ya rufe murfi, noti biyu suka rage a kan ƙyalle ba a san mazauninsu ba. Ya sa batir ya kunna. Wani ɗan wari ya tashi kamar na roba a wuta, shi ke nan. Ko rubutun Turancin bai fito ba.

Ya zauna da ita a cinya, yana kallon titi.

"Uwata," in ji shi, "ba na gani. Tun ɗazu ba abin da nake gani a cikinta, lalube nake yi."

Ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba sai ranar, kuma a gaban abokinsa. Minti-Biyar ya sunkuyar da kai yana tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, kamar aikin yana bukatar dukan hankalinsa.

Duk da haka washegari ya ce zai kai ta kantin, ko Allah zai sa a tausaya. Na nemi izini a wurin aiki na raka shi. Mai kantin ya juya ta, ya ga inda sitikar take a da, ya turo masa ita a hankali a kan teburin kantin. Kawu ya fara yi masa bayanin abin da ke motsi a ciki. Mutumin ya juya ya ɗauko wata sabuwa irinta daga kwali, ya karkata ta kusa da kunnen Kawu. Ƙwas-ƙwas.

"Baba, dukkansu haka suke," in ji shi. "Wani abu ne da ke riƙe hoto kada ya girgiza in hannu ya yi rawa. In an kashe ta sai ya saki jiki. Ba lalacewa ba ce."

Ya kuma ce akwai wasu da suka dawo da irin wannan ƙamewar, har kamfani ya fara canza musu, da an bar sitikar da ya sa sunansa a ciki. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko wanke kansa yake yi. Kawu bai yi gardama ba. Ya ce ya gode, ya mayar da ita kwali, ya rufe da kyau. A mota kwalin yana cinyarsa ya riƙe da hannu biyu saboda ramukan hanya.

Shi da kansa ya je ya gaya wa shugabar makaranta. Ta yi masa jaje, ta ce ba komai Baba, wata shekarar. Wani malaminsu ne ya ɗauki yaran da waya a jikin bangon aji.

A gida Iya ba ta tayar da zancen jaki da mangala ba. Da ya gaya mata batun idon, abu biyu ta tambaya, tun yaushe, kuma wa ya sani. Da ta ji na sani, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Babbar 'yarsa ta zo ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sa shi a gaba har asibiti. Ashe yanar ido ce ta rufe masa su duka biyu. Likita ya ce aiki ne da suke yi kullum, aka yi masa ɗaya, bayan ya warke aka yi ɗayan. Abin da ya shekara da shekaru yana gudu, da safe aka shiga da shi, kafin azahar yana zaune a benci da auduga a ido yana shan ruwa.

Amma kafin ya gama jinya shagon ya daɗe a rufe, mai benen ya sami wani mai aski da ke so. Kawu bai ja ba. Muka kwashe abin da za a kwashe cikin yini ɗaya. Kyamarar kuwa 'yarsa ta aika da ita wurin wani mai gyara a wani gari, ya ce wayar da ta yage ana samunta, amma sukurudireba ta karce idonta na ciki, kuma wani faifai ya ƙone lokacin da aka kunna ta, gyaran ya kusa kai sayen sabuwa. Aka dawo da ita a leda. Tana saman kabad ɗin Iya.

Bayan ya warke ya zo gidana gaisuwa. A bangon falona akwai hoton 'ya'yana da ya ɗauka da ƙaramar kyamarar nan, tun kafin zuwan sabuwar. Ya tsaya a gabansa ya daɗe, har na kawo ruwa na ajiye bai juyo ba. Fuskokin yaran kamar an shafa musu man shanu a gilashi, labulen bayansu ne ya fito tar.

"Haka nake ba mutane?" in ji shi.

Na ce ba duka ba.

"Suna karɓa, suna godiya." Ya girgiza kai. Ya ce in sauke shi daga bangon, na ce 'ya'yana ne kuma aikinsa ne, ba zan sauke ba. Bai sha ruwan ba ya tafi.

Yanzu yana zama a shagon kayan gini na mijin babbar 'yarsa. Aiki ake ce masa, amma kowa ya san abin da yake. Surukin mutumin kirki ne, kuma kirkin ne ya fi ci wa Kawu rai, don ba ya iya sa shi komai, ba ya iya haɗa ido da shi, in zai wuce ta gabansa sai ya rusuna. An ajiye masa kujera mai hannu kusa da buhunan siminti, ana kawo masa abinci da rana. Ya rame. Minti-Biyar yakan je wurinsa jefi-jefi, shi ma ya ce hirar ba ta tafiya, sai su zauna suna kallon motoci.

Ran nan na bi ta wurin da yamma. Na same shi ya juye wani kwali na ƙusoshi a kan buhu yana ware manya da ƙanana, aikin da ba wanda ya sa shi. Ya tambayi mahaifiyata da yara. Na ce ido fa, ya ce ido sai godiya, yanzu har tururuwar da ke bin bango yana gani. Muna cikin haka wani ya shigo yana tambayar farin fenti. Kawu ya dafa hannun kujera zai miƙe, surukin ya taso da sauri daga ciki yana cewa Baba zauna, Baba zauna, ga shi nan zan miƙo masa. Ya koma ya zauna, ya jawo kwalin ƙusoshin kusa da ƙafarsa.